Tattaki Mai Sauƙi a Gaɓar Teku, Kwazazzabo da Kurmi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da sababbin shiga harkar tattaki suka fi yi, musamman masu son ganin teku, duwatsu da kurmi ba tare da sun hau tsauni ba. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata, an nuna.

Me ake nufi idan an ce turba "mai sauƙi" ce?

Galibi abu uku ake dubawa: tsawon hanyar, yawan hawa da gangarar da ke cikinta, da irin ƙasar da ƙafa za ta taka. Turbar da ba ta wuce kilomita 5 zuwa 8 ba, hawanta bai kai a zo a gani ba, kuma a share take da alamu a kowace mararraba, ita ce yawancin wurare ke kira mai sauƙi.

Sai dai babu ma'auni ɗaya da duniya ta yarda da shi. A Suwizalan, allo mai ruwan ɗorawa zalla yana nufin hanyar da kowa zai iya bi. Idan aka ga fari da ja da fari, an shiga ta tsauni. Fari da shuɗi da fari kuwa ta gwanaye ce. Ostareliya tana da matakai 1 zuwa 5, inda na 1 ko mai keken guragu zai iya bi. A wasu ƙasashen kuma, wanda ya rubuta "mai sauƙi" ya auna ne da ƙarfin ƙafarsa kawai.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne: wannan kalma tana bayanin hanyar ne, ba ta bayanin ranar da ka je. Turbar da yaro ke bi da gudu da safe tana iya zama ƙarƙashin ruwa da la'asar. Yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke.

Ban taɓa yi ba. Tafiyar awa nawa zan fara da ita?

Fara da ta awa ɗaya zuwa biyu, zuwa da dawowa. Don ƙiyasta lokaci, akwai tsohon lissafi da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ke nan turba mai kilomita 6 da hawan mita 300 za ta ci kusan awa ɗaya da minti 40.

Amma Naismith ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa ɗaukar hoto. Kai ka ƙara rabin abin da lissafin ya ba ka. Idan cikin yashi mai laushi za ka bi, ko kan duwatsun rafi, ko da yara a tare da kai, ninka shi biyu ba ka yi asara ba.

Tsakanin gaɓar teku, kwazazzabo da kurmi, wanne ya fi dacewa da mai farawa?

A ganina kurmi mai shararriyar hanya ya fi. Akwai inuwa, iska ba ta da ƙarfi, kuma kuskure ba ya da tsada sosai. Misali gandun Muir Woods da ke kusa da San Faransisko a Amurka, wanda aka keɓe tun 1908: turbar ƙasan kwarin shimfiɗe take, wani ɓangarenta katako ne, kuma kana tafiya ƙarƙashin itatuwan da wasunsu suka haura mita 70. Haka tabkunan Plitvice 16 a Kuroshiya, inda aka shimfiɗa katako a kan ruwa kana ratsawa ta gaban mafaɗan ruwa.

Gaɓar teku ta fi ba da abin kallo da wuri, amma tana zuwa da rana, iska, da batun cikar teku. Kwazazzabo shi ya fi burge ido, shi ne kuma wanda idan abu ya ɓaci babu hanyar tsira ta gefe. Kowanne an yi masa nasa bayanin a ƙasa.

Sai na sayi takalmin hawa dutse?

A'a. Ga turba mai sauƙi, kambas mai ƙarfi da ƙasansa ke da zane mai zurfi ya wadatar. Juya takalmin ka duba: idan ƙasan ya suɗe ya yi sumul, bar shi a gida, domin jiƙaƙƙen katako da dutse mai gansakuka ba sa yafiya. Silifa da takalmi mai tsini ba na wannan harka ba ne. A yankin Cinque Terre na Italiya ma har tara ake cin wanda ya shiga turbobin tudu da silifa.

Kada ka fara sabon takalmi a ranar tattaki. Ka sa shi na 'yan kwanaki ya saba da ƙafarka, ka tabbata akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, saboda a gangara ƙafa kan zame ta riƙa dukan bakin takalmin. Yanke farce kafin ka fita. Da zarar ka ji wani wuri a diddige ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta. In ka bari sai ya yi bororo, sauran tafiyar ɗingishi ce.

Me zan zuba a jaka?

Ruwa ne kan gaba: kimanin rabin lita ga kowace awa ta tafiya, fiye da haka idan ana zafi. Sai ɗan abin taɓawa, hula, rigar ruwa marar nauyi, filasta da bandeji, magungunan da ka saba sha, usur, tocila, da waya mai cikakken caji. Tocilar ce mutane suka fi raina wa, suna cewa ai da rana za su dawo, alhali targaɗe ɗaya ya isa ya mai da tafiyar awa biyu ta koma ta biyar.

Game da tufafi, auduga tana riƙe gumi ta daɗe ba ta bushe ba. A wuri mai zafi ba matsala, amma a bakin teku mai iska ko cikin inuwar kwazazzabo, jiƙaƙƙiyar riga tana sa sanyi ya shiga jiki da sauri. Ka tafi da wata busasshiya a leda.

Ai hanyar bakin teku shimfiɗe take, ko ba haka ba?

Mutane da yawa sun ruɗu da wannan. Teku ne shimfiɗe, gaɓarsa ba lalle ba. Duk inda rafi ya faɗa teku ya yanka kwari, kuma turbar dole ta gangara cikinsa ta sake haurawa. Doguwar hanyar gaɓar kudu maso yammacin Ingila tana da tsawon mil 630, kuma idan aka tara hawan da ke cikinta ya kai kusan mita 35,000, wato kusan ninki huɗu na tsayin dutsen Everest, duk da cewa ba ta rabuwa da bakin ruwa.

Don haka ka nemi gajeren yanki da aka san shi da sauƙi. Via dell'Amore, tsakanin ƙauyukan Riomaggiore da Manarola a Italiya, kusan kilomita ɗaya ce a daɓe. A Giant's Causeway na Ireland ta Arewa, tafiyar kimanin kilomita ɗaya ce daga cibiyar baƙi zuwa ginshiƙan dutsen nan kusan 40,000 da suka jeru kamar an sassaƙa su. A Tsitsikamma ta Afirka ta Kudu, turbar katako ta ratsa kurmin gaɓa zuwa gada mai lilo mai tsawon mita 77 a bakin Kogin Storms. Gajeriya ce, amma matakalarta da yawa, mai ciwon gwiwa ya sani.

Yaya batun cikar teku da janyewarsa yake, kuma me ya shafe ni?

A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cika sau biyu yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, tazarar cika da cika kusan awa 12 da minti 25. Saboda wannan ɗan ƙarin, lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Wanda ya ce maka "jiya da ƙarfe uku muka wuce lafiya" bai yi ƙarya ba, amma jiya ba yau ba ce. Kuma a kwanakin tsayuwar wata da na daren sha huɗu, lokacin da rana da wata suke ja a layi ɗaya, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Bambancin wuri da wuri ma babba ne: a yawancin Bahar Rum ba a cika lura da shi ba, a mashigin Fundy na Kanada kuwa yana kaiwa kusan mita 16.

Ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya. A awa ta farko bayan janyewa kaɗan-kaɗan yake tahowa, har ka ɗauka ba ya motsi. A awa ta uku da ta huɗu kuwa, rabin dukkan ruwan ke shigowa. Kuma ba ta gabanka kaɗai yake zuwa ba: yana fara cika ramuka da ƙoramun da ke bayanka, tsakaninka da tudu. Kana tsaye kan busasshen yashi kana kallon teku, ka waiwaya ka tarar wurin da ka tsallako ɗazu da tafin sawu ya zama rafi har gwiwa.

Abin yi: duba jadawalin cikar teku na wannan gaɓar da wannan ranar, ana liƙa shi a tashoshin jiragen ruwa kuma yana intanet. Idan turbar ta bi ta ƙarƙashin dutse ko ta zagaya wani tsinin gaɓa da ya kutsa cikin teku, ka fita awa ɗaya ko biyu kafin ƙarshen janyewa, ka gama da wurin kafin ruwa ya juyo da ƙarfi. Tun kana tafiya ka riƙa lura da inda za ka iya haurawa tudu.

Zan iya matsawa bakin dutse don ɗaukar hoto?

Daga sama ba ka ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Igiyar ruwa tana cin dutse ne daga gindi, don haka ciyawar da kake tsaye a kai tana iya zama rufi ne kawai a kan sarari. Duwatsun alli da na yumɓu sun fi saurin ruftawa, musamman bayan ruwan sama mai yawa. Ka bar tazarar mita da dama, kuma kada ka zauna hutawa a gindin irin wannan dutse.

A kan duwatsun da ke daf da ruwa, duba launinsu. Baƙi mai sheƙi ko kore na nufin igiya tana kaiwa nan, ko da yanzu ba ta kai ba. Kada ka juya wa teku baya.

Me ya sa ake rufe kwazazzabo alhali sama garau take?

Saboda ruwan da zai cika shi ba lalle a kanka zai sauka ba. Kwazazzabo kamar mazurari yake: duk ruwan da ya zuba a faɗin tuddan da ke samansa, ta wannan siririn wuri zai bi. A watan Agustan 1997, mutum 11 suka rasu a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka, sakamakon hadarin da ya zubar da ruwansa kilomitoci da dama daga inda suke. Shi ya sa hasashen yanayin da za ka duba ba na bakin ƙofar shiga kaɗai ba ne, na dukkan yankin da ke zuba ruwa cikinsa ne.

Alamun da ake gani daga ciki: ruwan rafin ya tashi daga garau ya koma ja ko ruwan ƙasa, ganye, kumfa da ƙirare sun fara wucewa, dutsen da ka gani a bushe ɗazu ya nutse, ko ka ji ruri daga sama kamar na babbar mota. Idan ka ga ɗaya daga ciki, kada ka tsaya tattara kaya, kada kuma ka yi tsere da ruwan zuwa ƙasa, ba za ka ci ba. Haura sama ta gefe, ko da mita kaɗan ne, ka jira. Irin wannan ambaliya takan sauka bayan wasu awoyi.

Wani abin kuma shi ne faɗowar duwatsu, daga iska, ruwa, ko awakin da ke kiwo a sama. Inda aka rubuta kada a tsaya, wuce da sauri. Inda aka ba ka hular kwano, sa ta.

An ce kwazazzabon Samaria gangara ce zalla. Ke nan mai sauƙi ne?

Ba haka ba ne. Samaria, a tsibirin Kirit na Girka, tafiyar kusan kilomita 16 ce, tana farawa daga tsayin da ya haura mita 1,200 ta sauka har bakin teku a ƙauyen Agia Roumeli, inda jirgin ruwa ke kwashe mutane saboda babu titin mota. Gangara ba ta sa haki, amma ita ke cin gwiwa da cinya, kuma a nan ne aka fi zamewa. Idan kana son irin wannan kallo ba tare da wahalar ba, Imbros yana tsibirin ɗaya, kusan kilomita 8 ne, ana gama shi cikin awa biyu zuwa uku, kuma akwai inda bangon biyu suka matso har faɗin bai kai mita 2 ba. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne Vintgar kusa da tabkin Bled a Suloveniya: kilomita 1.6 kan katakon da aka kafa jikin dutse, a buɗe ga baƙi tun 1893.

A gangara, taka gajere-gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a gaba. Kuma tun da yawancin irin waɗannan hanyoyi ta wani gefe ake shiga a fita ta wani, ka san lokacin tashin mota ko jirgin ƙarshe kafin ka sa ƙafa. Duba amsar ƙarshe kan lokacin juyawa.

Ina jin jiri idan na leƙa ƙasa daga sama. Zan iya?

Sauƙin hanya daban, tsayi daban. Caminito del Rey a lardin Malaga na Sifaniya, wanda aka sake buɗewa a 2015 bayan gyara, ba ya buƙatar wani ƙarfi, amma katakon yana maƙale ne a jikin dutse kusan mita 100 sama da kogi, kuma hanya ɗaya ake bi, ba a komawa baya. Gadojin igiya bakwai na gandun Kakum a Gana suna rataye ne a saman itatuwa suna lilo da kowane taku. Turbobin da ke bin magudanan ruwa a tsibirin Madeira kusan shimfiɗe suke, amma a wasu wurare faɗinsu kaɗan ne, ga rami a gefe, ga kuma hanyoyi masu duhu da aka huda cikin dutse da sai da tocila.

Ka nemi hotuna ko bidiyon turbar ka kalla tukuna. In ka riga ka shiga jiri ya kama ka, kafa ido kan katakon da ke taku biyu a gabanka, riƙe igiya, ka ja numfashi a hankali, ka ce wa na bayanka ya ba ka tazara.

Ta yaya mutum ke ɓata a kurmi alhali akwai alamu?

Kusan kullum a mararraba ne, ana cikin hira. Alamun kan zama fenti a jikin itace ko dutse, kamar layin fari da ja na dogayen hanyoyin Faransa, inda alamar gicciye ke nufin "ba nan ba". Idan ka yi tafiyar minti goma ba ka ga alama ba, koma inda ka ga ta ƙarshe. Kada ka yanke ta cikin daji don rage hanya. Dabara mai amfani: a kowace mararraba ka waiwaya ka kalli yadda wurin yake daga ɗaya gefen, don haka za ka gan shi a dawowa.

Sauke taswira a waya tun kana inda akwai sabis. Na'urar nuna wuri tana aiki ko babu sabis, amma taswirar ba za ta buɗe ba sai an riga an sauke ta. Neman sabis yana shan batir, don haka sa wayar a yanayin jirgin sama. Ka san lambar agajin gaggawa ta ƙasar: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada. Idan ka tabbata ka ɓata, zauna wuri ɗaya ka riƙa busa usur. Ka tuna duhu yana riga shiga kurmi da kwazazzabo kafin ya shiga fili.

Macizai da ƙwari fa?

Maciji ya fi son ya kauce maka. Tsaya kan turba, kada ka zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin gungume. In ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Wadda ta fi yawan samun mutane ita ce kaska, musamman a dazuzzukan Turai da Arewacin Amurka inda take yaɗa cutar Lyme. Tana jira a kan doguwar ciyawa, kuma ƙaramarta ba ta fi ɗigon biro ba. Sa dogon wando ka cusa ƙafarsa cikin safa. Da ka dawo, duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da bayan kunne. In ka same ta, kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a miƙe a hankali. Kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai. Cire ta da wuri yana rage haɗari sosai. Idan cikin kwana 3 zuwa 30 ka ga tabo mai faɗaɗa ko zazzaɓi ya zo, je wurin likita ka gaya masa kaska ta cije ka. A baƙar fata tabon ba ya fitowa ja sosai, yakan yi kama da taruwar jini ko wuri mai duhu, don haka a duba da kyau.

Zan iya zuwa da yara ko iyayena tsofaffi?

Ƙwarai, muddin wanda ya fi kowa jinkiri shi ke tsara gudun tafiyar. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, yara a tsakiya, kuma a bakin ruwa ko rami hannun ƙarami yana cikin naka. Wasu wuraren suna da ƙa'idar shekaru. Caminito del Rey ba ya karɓar yaron da bai kai shekara 8 ba. Ga tsofaffi, tambayar da ta fi "kilomita nawa" muhimmanci ita ce "matakala nawa, kuma akwai wurin zama?" Mai ciwon zuciya, suga ko hawan jini ya tuntuɓi likitansa tukuna, kuma maganinsa ya kasance a aljihunsa, ba a mota ba.

Sai na yanki tikiti tun kafin in je?

A shahararrun wurare, sau da yawa eh, kuma da ƙayyadadden lokacin shiga. Ka kuma bincika ko a buɗe turbar take: Samaria kan rufe a lokacin sanyi da ruwa, Via dell'Amore kuwa zaftarewar dutse ta rufe ta a 2012, ba a sake buɗe ta gaba ɗaya ba sai 2024. Shafin hukumar gandun ya fi tsohon bayanin matafiya inganci.

Yaushe ya kamata in haƙura in juya?

Tsayar da lokacin tun kafin ka fita, ba lokacin da ka gaji ba. Duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi, cire awa ɗaya, sannan ka lissafa baya da ƙiyasin da aka yi bayani a amsa ta biyu. A gaɓa, jadawalin teku ne zai yanke maka. A kwazazzabo, hasashen ruwa da jirgin ƙarshe. Faɗa wa wani a gida sunan turbar da lokacin da zai fara nemanka idan bai ji ka ba.

Ko lokacin bai cika ba, ka juya idan rabin ruwan shanka ya ƙare kafin rabin hanya, idan wani a cikinku ya fara ɗingishi ko ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, idan hazo ya rufe bakin dutse, ko idan ka ji tsawa. Game da tsawa, ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da ƙararta: kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, sauka daga kan tudu, nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai da bakin ruwa, ka nemi gini ko mota, kuma ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin ka ci gaba.